Ga Ƙarfe a Ƙasa, Ga Ƙarancin Jini a Gida: A Ina Gizo Ke Saƙa?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Zariya zuwa Kano da rani ya san jar ƙasa da marmarar da ke shimfiɗe dama da hagu. Jan nan da ido ke gani tsatsa ce, watau ƙarfen da ya daɗe yana cuɗanya da iska da ruwa. Kakanninmu sun san da wannan arziki tun kafin zuwan boko, domin a kewayen Dutsen Dala maƙera sun riƙa narka tama suna fid da ƙarfe fiye da shekara dubu da suka wuce. Masana ilmin ƙasa kuwa sun tabbatar da cewa ƙarfe shi ne na huɗu wajen yawa a cikin sinadaran da suka haɗu suka yi ɓawon duniya, yana da kimanin kashi 5 cikin 100.

To, amma binciken lafiya da yawan jama'a da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna fama da ƙarancin jini, haka kuma kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49. Gaskiya ne zazzaɓin cizon sauro da ciwon sikila da tsutsar ciki duk suna da hannu a cikin wannan adadi, amma rashin isasshen sinadarin ƙarfe a abinci yana cikin manyan dalilai. Ƙarfen da ake nufi a nan shi ne dai na fartanya da lauje, sai dai ɗan kaɗan ne jiki ke bukata: babban mutum yana ɗauke da giram 3 zuwa 4 kacal, nauyin ƙusa 'yar madaidaiciya, kuma mafi yawansa yana cikin himogulobin, furotin ɗin da ke rina jini ja yana kai iskar oksijin ko'ina cikin jiki. In wannan 'yar ƙusa ta ragu, sai mai ciki ta riƙa haki, haihuwa ta zo da haɗari, yaro kuma ya kasa riƙe karatu.

Tsakanin jar ƙasar gona da jinin yaro akwai tsiro, a cikin tsiron nan kuma akwai wasu nau'o'in furotin da ke yanke hukunci a kan yawan ƙarfen da zai shiga saiwa, da inda za a ajiye shi, da wanda zai isa ƙwayar hatsi. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, muddin jami'o'inmu ba su ɗauki nazarin waɗannan furotin a cikin gero da dawa da wake a matsayin aikin da ya zama tilas ba, za mu ci gaba da jiran wasu su warware mana matsalar da ke cikin tukunyarmu, alhali kuwa ba abincinmu ne a gabansu ba.

Me tsiro ke yi da ƙarfe?

Jikin tsiro, kamar na mutum, an gina shi ne da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Kowace ƙwaya tamkar gida ce mai katanga da ɗakuna, furotin kuwa su ne ma'aikatan gidan: wani mai tsaron ƙofa, wani ɗan dako, wani magajin rumbu. A cikin ƙwayoyin ganye akwai wasu koren ɗakuna da ake kira kuloroflas, inda ake sarrafa hasken rana da ruwa da iska su zama abinci. Kimanin kashi 80 cikin 100 na ƙarfen da ke cikin ganye a waɗannan ɗakuna yake. Dalili shi ne, ƙarfe yana da wata baiwa ta karɓar ƙwayar lantarki ya kuma miƙa ta gaba cikin sauƙi, saboda haka furotin ɗin da ke jigilar ƙarfin hasken rana suna riƙe da shi a jikinsu. Ɗaya daga cikin manyan injinan wannan aiki shi kaɗai yana ɗauke da ƙwayar zarra 12 ta ƙarfe.

Koren launin ganye, wanda ake kira kulorofil, ba ya ƙunshe da ƙarfe, amma ba a iya haɗa shi sai da taimakon furotin masu ƙarfe. Shi ya sa tsiron da ya rasa ƙarfe yakan koɗe. Tun cikin shekarun 1840 wani Bafaranshe mai suna Eusèbe Gris ya nuna cewa in aka shafa ruwan gishirin ƙarfe a kan ganyen da ya koɗe, sai koren ya dawo. Manomi zai iya bambance wannan ciwo da na rashin takin naitirojin: rashin naitirojin yakan fara ne daga tsofaffin ganyaye na ƙasa, shi kuwa rashin ƙarfe daga sababbin ganyaye na sama yake farawa, ganyen ya yi ruwan ɗorawa amma jijiyoyinsa su tsaya kore.

Mai karatu, in kana son ganin aikin ƙarfe da idonka, tuge wake ko gyaɗa lokacin da suke fure, ka tsaga ɗaya daga cikin 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar. In yana aiki, za ka ga cikinsa ja-ja kamar tsoka. Wannan launi na wani furotin ne ɗan'uwan himogulobin na jininmu, wanda ke daidaita oksijin domin bakteriyar da ke zaune a wurin su iya kamo naitirojin daga iska. Shi ma furotin ɗin da bakteriyar ke kamun da shi cike yake da ƙarfe. Ke nan takin da wake ke bar wa gona, da ƙarfe aka ƙera shi.

Dabaru biyu na jan ƙarfe

Tun da ƙasa cike take da ƙarfe, me zai sa tsiro ya rasa shi? Amsa ita ce, saiwa ba ta cin tsatsa. Ƙarfen da ke cikin ƙasa mai shan iska yana cikin siffar da ake cewa mai caji uku, wadda da ƙyar take narkewa a ruwa. In tsamin ƙasa ya ragu da mataki ɗaya a ma'aunin da masana ke amfani da shi, narkewar wannan ƙarfe takan ragu har sau dubu. Saboda haka a ƙasa mai yawan alli, wadda ta kai kusan kashi ɗaya bisa uku na gonakin duniya, tsiro yakan zauna a kan tulin ƙarfe yana ramewa.

A 1986 wasu Jamusawa biyu, Volker Römheld da Horst Marschner, suka bayyana cewa tsirrai sun kasu gida biyu wajen warware wannan matsala. Kashi na farko ya ƙunshi wake da gyaɗa da rogo da tumatir da sauran masu faffaɗan ganye. Su furotin uku suke jerawa a fatar saiwa. Na farko yana fesa tsami cikin ƙasar da ke kewaye domin tsatsar ta saki. Na biyu, mai suna FRO2, yana sauya ƙarfe daga mai caji uku zuwa mai caji biyu, wanda ya fi narkewa. Na uku, IRT1, shi ne ƙofar da ƙarfen ke bi ya shiga. An gano IRT1 a 1996 a aikin David Eide da Mary Lou Guerinot da abokan aikinsu a Amurka, ta wata hanya mai ban sha'awa: sun ɗauki yis wanda ba ya iya shan ƙarfe, suka yi ta sanya masa ƙwayoyin gadon tsiro har suka dace da wadda ta farfaɗo da shi. FRO2 kuwa a 1999 aka gano shi.

Kashi na biyu su ne dangin ciyawa, watau gero da dawa da masara da alkama da shinkafa. Su dabararsu ita ce wadda Bahaushe ya taƙaita da cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Saiwarsu tana haɗa wani sinadari daga abin da ke cikinta, ta tura shi waje, ya rungumo ƙarfe mai caji uku kamar yadda awartaki ke kamo garwashi, sa'an nan wani furotin ya shigo da su biyun tare. Wani masani ɗan Japan, Sei-ichi Takagi, shi ya fara ba da bayanin wannan sinadari a 1976. Furotin mai shigo da kayan kuwa sunansa YS1, an gano shi a 2001 ta hanyar nazarin wata masara mai naƙasa wadda ganyenta ke fitowa da zane-zanen ruwan ɗorawa. Wanda ke tura sinadarin waje, TOM1, sai a 2011 aka same shi. Ba kuma ƙarfinsu ɗaya ba: sha'ir ya fi kowa fid da wannan sinadari, dawa da shinkafa suna can baya, shi ya sa dawa takan koɗe a ƙasar allin da sha'ir ke tsayawa kore shar.

Wuta a cikin bukka

Da a ce aikin ya tsaya ga shigo da ƙarfe, da abin ya zo da sauƙi. Sai dai baiwar nan ta karɓa da miƙa lantarki ita ce kuma haɗarinsa. Ƙarfen da ke yawo sakaka a cikin ƙwayar halitta yakan haɗu da wasu sinadaran oksijin ya haifar da guba mai ƙona tantani da furotin da ƙwayoyin gado. Manoman shinkafa a fadamu da kwaruruka na Afirka ta Yamma sun san wannan, ko da ba su san sunansa ba: a ƙasar da ruwa ya kwanta ya hana iska shiga, ƙarfe yakan narke fiye da kima, ganyen shinkafa ya yi ɗigo-ɗigon launin tsatsa, amfani ya ragu. Ƙarfe a jikin tsiro kamar wuta ne a cikin bukka, ba a girki sai da ita, ba a kuma barin ta ba mai tsaro.

Saboda haka tsiro ba ya barin ƙarfe ya yi tafiya shi kaɗai. A hanyar hawa daga saiwa yakan tafi a rungume da sinadarin nan mai sa lemo tsami. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya kuma, da kan hanyar zuwa iri, akwai wani ɗan rakiya mai suna nikotiyanamin, wanda wasu furotin da ake kira NAS ke haɗawa. In ya isa, ma'aji biyu ne. Na farko feritin, furotin mai siffar ƙwarya rufaffiya wadda aka haɗa da gutsure 24, tana iya ɗaukar ƙwayar zarra ta ƙarfe har 4,500 a cikinta. Na biyu wani babban rumbu ne a tsakiyar ƙwayar halitta. Furotin VIT1, wanda aka bayyana aikinsa a 2006, shi ke zuba ƙarfe a rumbun, wasu biyu kuma, NRAMP3 da NRAMP4, su ke buɗe shi lokacin da iri zai tsira. A 2005 masu bincike a Faransa suka lalata waɗannan biyun a cikin wata 'yar ciyawa dangin kabeji mai suna Arabidopsis. Irinta ya fito da ƙarfe daidai da na lafiyayye, amma da aka shuka shi a wurin da ba ƙarfe, sai tsiron ya koɗe ya tsaya cak, ga rumbu cike ba mabuɗi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Bisa duk waɗannan akwai wasu furotin masu ba da umurni. In ƙarfe ya yi ƙaranci, wani mai suna FIT yakan sa a ƙara ƙera FRO2 da IRT1. In ya wadata, wasu masu jin ɗuminsa sukan sa a rushe masu ba da umurnin, ƙofa ta rufe. Wannan shi ne dalilin da ya sa zuba ƙarfe a gona ba ya sa hatsi ya cika da ƙarfe yadda mutum zai zata. Tsiro ba ya shan abin da ya wuce bukatarsa don ya faranta wa mai gona rai.

Darussa uku ga mai gaggawa

Darasi na farko daga shinkafa ya zo. A 1999 masana a Japan suka ɗauki ƙwayar gadon feritin ta waken soya suka sanya wa shinkafa, ƙarfen da ke cikin ƙwayarta ya ninka har sau uku. Aka yi murna, aka zaci ƙara yawan feritin zai ci gaba da ƙara ƙarfe. Abin bai tafi haka ba, domin gina rumbu ba ya kawo hatsi in ba a gyara hanyar da jaki zai bi ba. Daga baya, a 2009, wani bincike a birnin Montpellier na Faransa ya nuna cewa a cikin irin Arabidopsis feritin bai riƙe fiye da kashi 5 cikin 100 na ƙarfe ba, babban aikinsa kariya ce daga gubar da muka ambata. Sai da aka haɗa ma'aji da ɗan rakiya aka ga canji na sosai: a 2016 Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin ta ba da rahoton shinkafar da aka ƙara wa feritin da NAS tare, wadda ta kai miligiram 15 na ƙarfe a kowane kilo na gyararriyar ƙwaya a gonar gwaji, alhali wadda aka saba ci ba ta wuce kimanin miligiram 2 ba. Haka ma rogo, wanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa nomawa kuma kusan ba shi da ƙarfe: a 2019 masu bincike a Amurka suka haɗa masa IRT1 da feritin, ƙarfen saiwarsa ya ninka sau 7 zuwa 18.

Darasi na biyu ya fi tsoratarwa. Ƙofar IRT1 ba ta tantance baƙi sosai. Ban da ƙarfe, tana shigo da zinki da manganis, har da kadmiyam, wanda guba ne mai lalata ƙoda da ƙashi. Mutanen lardin Toyama na Japan sun ɗanɗana wannan a ƙarni na 20, lokacin da ruwan ma'adinai ya gurɓata gonakin shinkafarsu. A 2012 aka gano cewa babbar ƙofar da kadmiyam ke bi ya shiga shinkafa wani furotin ne daga dangin NRAMP. Ashe wanda ya wangale ƙofar ƙarfe ba tare da sanin halinta ba, zai iya shigo da ɓarawo tare da baƙo. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, ganin yadda ake ban ruwan lambuna a gefen manyan biranenmu da ruwan magudanai da na masana'antu.

Darasi na uku a turmi yake. Mafi yawan ƙarfen gero da dawa yana can a ɓawon ƙwaya da idonta, wuraren da surfe ke cirewa a ba dabbobi a matsayin dusa. Wanda ya rage kuma yana ɗaure da wani sinadari mai suna fayitet, wanda hanjin mutum ba ya iya kwancewa sosai. Saboda haka yawan ƙarfen da aka auna a hatsi daban, wanda ya isa jini daban. Inda furotin suka ajiye ƙarfen, da abin da suka ɗaure shi da shi, su ke yanke hukunci. A 2017 masana a Cibiyar John Innes ta Ingila suka sa wani furotin dangin VIT ya yi aiki a farin cikin ƙwayar alkama, ƙarfen farar fulawa ya ninka biyu. Wannan ita ce irin tambayar da ya kamata a yi wa gero: yaya za a sa ƙarfen ya zauna a ɓangaren da ke tsira daga surfe?

Amsa ga masu suka

Na san akwai masu cewa wannan duk ƙawa ce. Na farko zai ce a raba ƙwayoyin ƙarin jini a asibiti, a kuma ƙara sinadarai a fulawa. Ban ƙi ba, mai ciki tana bukatar ƙwayarta yau, ba za ta jira bincike ba. Amma fulawar da ake ƙara wa sinadari ta manyan kamfanoni ce, mutumin karkara kuwa daga rumbunsa yake ɗiba ya kai injin niƙa na unguwa. Abin da zai isa gare shi kullum, ba sayen magani ba layin asibiti, shi ne abin da ke cikin irin da ya shuka.

Na biyu hujjarsa ta fi nauyi. Zai ce ai an riga an samar da gero mai yawan ƙarfe ba tare da an san sunan furotin ko ɗaya a cikinsa ba. Gaskiya ne. Cibiyar ICRISAT da shirin HarvestPlus sun samar da irin wannan gero ta hanyar barbara da zaɓe irin na gargajiya. A 2018 aka fid da iri mai suna Chakti a Jamhuriyar Nijar, yana da kimanin miligiram 65 na ƙarfe a kilo, inda waɗanda aka saba shukawa ke da kimanin 47. Gwajin da aka yi da 'yan mata a Jamhuriyar Benin, wanda aka buga a 2013, ya nuna sun sami kusan ninki biyu na ƙarfe daga irin wannan gero. Wani kuma da aka yi da 'yan makaranta a Indiya, aka buga a 2015, ya nuna ƙarfen jikinsu ya ƙaru cikin 'yan watanni. Wannan nasara ce babba, ya kamata a yaɗa irin nan ko'ina. Sai dai mai zaɓen iri da bai san ƙwayoyin gadon da yake nema ba, kamar mai lalube ne a cikin duhu: sai ya shuka dubbai, ya jira kaka, ya auna, ya sake. Wanda ya san su yana iya gwada ɗan ganye tun tsiro yana ƙarami ya ware na kirki. Bugu da ƙari, hanyar barbara tana aiki ne kawai inda akwai bambanci mai yawa tsakanin iri da iri. Gero yana da shi. Shinkafa da rogo ba su da isasshe, shi ya sa aka koma ga sanin furotin.

Na uku zai ce ƙasa matalauciya ba ta da kuɗin irin wannan bincike, mu bari masu hali su yi mu kwafa. To, ai mun ga abin da masu hali suka yi. Kusan duk sunayen da na jera a sama daga Arabidopsis da shinkafa da masara da sha'ir aka samo su, domin su ne a gabansu. An kammala karanta ƙwayoyin gadon Arabidopsis tun 2000, na dawa sai 2009, na gero 2017, na wake 2019. Wannan jinkiri shi kansa shaida ne. Amma kuma albishir ne, domin yanzu taswirar tana hannu, kowa na iya duba ta a intanet kyauta, kuma ɗalibin da ke Kano ko Sakkwato ko Yamai zai iya nemo 'yan'uwan YS1 da VIT1 a cikin gero da kwamfutarsa. Muna kuma da abin da ba su da shi. A yankin Sahel aka fara noma gero, shaidarsa mafi daɗewa daga arewacin Mali ta kai kimanin shekara 4,500, kuma ire-iren gero da maiwa da dauro da ke rumbunan manomanmu taska ce wadda ba a saye da kuɗi.

Game da masu fargabar sauya ƙwayoyin gado, ina girmama damuwarsu, kuma Nijeriya tana da hukumar da doka ta ɗora wa sa ido a kan haka tun 2015. Abin da nake so a lura da shi shi ne, sanin aikin furotin ba ya wajabta sauya komai. Mai barbara na gargajiya ma yana amfana da shi. Wanda ma yake son ya ƙi wani iri, da ilmi ya kamata ya ƙi shi.

Abin da ke gabanmu

Ba daga sifiri za mu fara ba. Muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri wadda ke kula da gero, da Cibiyar Noma a Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, da reshen IITA na Kano, da kuma tashar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai. Abin da ya rage shi ne a jera aiki.

Da farko, a tattara ire-iren gero da dawa da wake na gida, a auna ƙarfensu da fayitet ɗinsu a ƙasa iri-iri, daga jigawa zuwa fadama, sa'an nan a bi sawun bambancin zuwa ƙwayoyin gadon da ke haddasa shi. Na biyu, a riƙa auna kadmiyam tare da ƙarfe a duk wani sabon iri kafin a miƙa wa manomi. Na uku, a binciki hikimar da ke gonakinmu da madafanmu. A ƙasar Sin an nuna cewa gyaɗar da aka shuka tare da masara a ƙasa mai alli tana samun ƙarfe fiye da wadda aka shuka ita kaɗai, domin tana cin moriyar sinadarin da saiwar masara ke fitarwa. Manomanmu sun daɗe suna haɗa gero da wake ko gyaɗa a kunya ɗaya, ya dace a auna abin da ke gudana a ƙarƙashin wannan kunya. Haka kuma an san cewa jiƙa hatsi da tsimawa, kamar yadda ake yi wa gasarar koko, da tsirar da shi, suna rage fayitet. Bitamin C na lemo da gwaiba yana ƙara shigar ƙarfe jini, shan shayi a kan abinci kuwa yana rage ta. Waɗannan abubuwa ne da uwargida za ta iya aiki da su tun yau.

Na huɗu, a rushe katangar da ke tsakanin sassa. Malamin ilmin tsirrai da na kimiyyar sinadaran jiki da likitan yara da malamin gona duk ƙarfe ɗaya suke bi, kowa ya kama wani yanki na hanyarsa, amma sau da yawa ba sa zama a tabarma ɗaya. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Asusun tallafa wa manyan makarantu da gwamnatocin jihohi su ware kuɗi na shekaru masu yawa domin irin wannan haɗin gwiwa, domin daga gano IRT1 zuwa rogon da aka yi da shi shekara 23 aka ɗauka.

Kammalawa

Maƙerin Dala bai tsaya yana yabon jar ƙasa ba. Ya koyi irin dutsen da zai ɗauka, da irin gawayin da zai hura, da lokacin da zai buɗe matoya, sa'an nan ƙarfe ya fito. Saiwar gero tana yin makamancin wannan aiki kowace damina, ba wuta ba zugazugi, kuma ma'aikatanta su ne furotin ɗin da muka zayyana. Ina kira ga ɗalibanmu na kimiyya da ke neman abin da za su yi bincike a kai, su dubi wannan fage. Ina kuma kira ga hukumomin jami'o'inmu da kada su tambayi mai nazarin ƙwayar halitta abin da aikinsa zai kawo a kakar bana. Yaran da aka ƙidaya a 2018 sun riga sun shiga makaranta da jinin da suka samu. Ƙannensu da ke tafe su ne za su ci tuwon irin da muka fara nazari yau, in mun fara.